Kawu, katin bashi ya fi ƙarfin albashina

Filin Kawu Ma'aji: tambayoyinku kan kuɗi da sha'anin gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Birnin Kebbi, ina zaune a Badariya cikin gidanmu na gado da matata da yara huɗu. Abin da ke shigo min a wata, bayan an cire na cirewa, N168,000 ne. Shekara biyu da suka wuce bankin da nake karɓar albashi ya ba ni katin bashi, irin wanda za ka yi sayayya da shi ko da babu ko kwabo a asusunka. Na karɓa da niyyar ajiye shi saboda lalura. Yau ana bi na N420,000 a kansa, kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 duk wata, kuma ya kai iyakar abin da aka yarje min. Kowane wata ana cire mafi ƙarancin abin da aka yanka min, wajen N21,000, amma bashin ko gezau. Watan jiya da abin ya cushe na ci N50,000 a wata manhajar bashi ta waya, zan biya N65,000 cikin kwana 30. Mai shagon unguwarmu ma yana bi na N38,000. Matata ba ta san ko ɗaya ba. Kawu, ba na shaye-shaye, ba na caca, ba na neman mata. Albashin ne kawai ba ya isa. Shin in nemi wani babban bashin in rufe waɗannan gaba ɗaya in huta? Don Allah a sakaya sunana.

Ɗanka, daga Badariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yaye maka. Tun da wuri in ce maka a'a, kada ka ci wani bashin yanzu. Dalilin yana tafe, amma sai mun leƙa aljihunka tukuna.

Masu karatu su sani, da wasiƙar nan ta iso na kira mai ita na ce ya turo min takardar shige da ficen asusunsa ta wata guda, haɗe da ta katin. Kwana uku shiru, sannan ya turo, ya kuma yarda in baje ta a nan tunda ba a ambaci sunansa ba. Na zauna da ita bayan isha'i, da biro da tabarau, irin zaman da na yi shekara 14 ina yi lokacin da nake riƙe da ma'ajin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarmu kafin in yi ritaya.

Maganarka cewa albashi ba ya isa, ban musa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kaya suka yi tashin gwauron zabi. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. An kai mafi ƙarancin albashi N70,000 a Yulin 2024, amma kafin ya iso hannu kasuwa ta riga ta buɗe masa baki. Mu da ake noma shinkafa a bayan gidanmu, daga fadamar Argungu har Yauri, sai ga mu ana auna mana ita da gwangwani. Duk wannan haka ne. Sai dai takardar da ka turo ta ba ni wani labarin, kuma ita takarda ba ta jin kunyar kowa.

Abinci da cefane sun ci N72,000. Man mashin N18,000. Abin da kake ware wa makarantar yara da Islamiyya N12,000. Hajiya a Kalgo N10,000. Wuta da ruwa N7,000. Katin ya ɗauki nasa N21,000. Haya ba ka biya, Allah ya jiƙan mahaifinku da ya bar muku rufin asiri. Jimla N140,000. Ka ga ke nan albashinka ya ɗauki nauyin gidanka har da cikon N28,000. Da ƙyar ne, da nishi, amma ya ɗauka.

Sai na juya shafi na biyu. Akwai wani suna da ya fito sau 16, kullum tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare. Na tambaye ka, ka yi 'yar dariya ka ce mai shayin majalisarku ne. Na ce ba ka cin tuwo a gida ne? Ka ce kana ci. To shayin wa kake biya? Ka ce ai Kawu in an zauna, mai shayi kan ɗago kai ya ce "Oga, a haɗa har da na su wane?" kai kuma ba ka iya cewa a'a a gaban mutane. N24,000 ke nan a wata. Gudummawar ɗaurin aure biyu da suna biyu, N23,000. Shaddar anko ta auren abokin aiki, wanda da bakinka ka ce ba ku taɓa zama ku biyu kun yi hira ba, N17,000, ɗinki ma ba a yi ba tukuna. Sai ƙananan taransifa guda 11, nan N1,000, can N2,000, can N3,000, na masu "ɗan taimaka min da na mai" da "yau ba a ɗora tukunya ba", sun taru N19,000. Data da katin waya N9,500. Cajin masu POS N2,300, saboda kana cirar kuɗi tsinci-tsinci, yau dubu uku gobe dubu biyu. Wannan shafin kaɗai N94,800 ne, kai kuwa N28,000 ta rage maka. Giɓin N66,800 shi ne N50,000 ɗin manhajar nan, sauran kuma kati da mai shago suka raba.

Na sani ba kowane wata ne yake kai haka ba, ka turo min na lokacin bukukuwa. Amma cire data da cajin POS ka duba abin da ya rage: N83,000, kusan rabin albashinka cif. Ba cikinka ya ci ba, ba na 'ya'yanka ba. Kuɗin fita kunya ne. Kana cin bashi da ruwa domin kada a ce wane ya yi rowa, kada a ce ma'aikaci guda ya zo biki hannu rabbana. Shi ya sa da ka ce min katin nan ya cuce ka, na ce ɗana kada mu bar jaki mu doki taiki.

Amma shi ma katin ba wankakke ba ne, bari in ba shi nasa kason. A da can, aljihu yana da baki. In ka zura hannu ka ji wayam, shi ke nan, magana ta ƙare, kuma kowa a majalisa ya ga ka zura ka fito da hannu babu komai. Ka tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo? Tun daga lokacin mai tsire da mai kabu-kabu da mai ƙosai kowa ya manna lambar asusu. "Ba ni da canji" ta daina zama uzuri. Mutum ba ya jin zafin rabuwa da kuɗin da bai ƙirga da yatsunsa ba. Danna lamba huɗu ne kawai, sai alat. Katin bashi kuma ya zo ya ƙara fasa gindin aljihun gaba ɗaya, ta yadda ko albashi ya ƙare hannunka ba ya taɓa ƙasa.

Yanzu ga dalilin da bashin ya ƙi motsi. Kashi 3 cikin 100 yana da daɗin ji, kamar ba komai ba. Na N420,000 kuwa N12,600 ne duk wata. Cikin N21,000 da ake cire maka, N8,400 kaɗai ke taɓa uwar kuɗin, sauran ruwa ne. Kai kuma da ka ga gurbin N8,400 ya buɗe a katin, sai ka je ka cike shi kafin 15 ga wata. Tufka da warwara ke nan. A shekara, idan ruwa ya hau kan ruwa, kashi 3 ɗin nan yana haura kashi 42. Shi kuwa "mafi ƙarancin biya" an yanka shi ne daidai yadda ba za ka karye ba, kuma ba za ka kuɓuta da wuri ba. Yana raguwa ne yayin da bashin ke raguwa, har ka ji kamar sauƙi kake samu. In ka bi shi a haka, ko da ba ka sake sayen ko ashana da katin ba, za ka yi kusan shekara uku kana biya ka tarar rabin bashin yana nan yana kallonka. In ka kafe a kan N21,000 ba ragi, wata 31 za ka yi, ka biya wajen N651,000. In ka iya kai shi N34,000, cikin wata 16 ka gama, ka biya wajen N532,000. Bambancin ya kusa N120,000, kuɗin makarantar yaranka na wata goma.

Manhajar kuwa ta fi katin mugunta nesa ba kusa ba. N15,000 a kan N50,000 cikin kwana 30, kashi 30 ke nan a wata, ninki goma na katin. Gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Ita za a fara kashewa.

Da me? Da wayar da ke hannunka. Na ga ranar da ka saye ta da katin, N190,000, kuma ita ce babban dutse na farko da aka ɗora a ginin bashin nan. Ka ce min an taya ta, kuma in ka sayar ka sayi ƙarama mai WhatsApp za ka tsira da wajen N85,000. To ka sayar a makon nan, tun kwana 30 ɗin ba su cika ba. Ka biya manhajar N65,000, ka ajiye shaidar biya, ka goge ta, sabuwar wayar ma kada ta shiga. N20,000 ka kai wa mai shago da hannunka. Kada ka aika yaro. Ka tsaya ya buɗe littafinsa a gabanka ya soke, ka ce masa ragowar N18,000 nan da wata biyu. Nasa bashin ba shi da ruwa, amma jarinsa ne, kuma shi ne wanda zai ba iyalinka sukari da omo ranar da ba ka gari. Wani mai shago a Gesse ya taɓa ce min, "Malam, wanga littahi ba ya cin mutum, sai wanda ya sauya hanya in ya hango ni." Kada ka zama mai sauya hanya.

Sannan ka je banki da ƙafarka. Ka ce a rufe katin daga sabuwar sayayya, biya kawai za ka riƙa yi. Ka tambaye su, a rubuce, nawa ne ruwan a wata, nawa ne tarar jinkiri, kuma ko za su mayar maka da ragowar bashin zuwa biya tsayayye na wata-wata a kan ruwan da ya gaza wannan. Ba lallai su yarda ba, amma a rashin tayi akan bar arha. Na ga kuma sau biyu ka cire tsabar kuɗi da katin a ATM. Wannan ita ce hanya mafi tsada ta amfani da shi, domin galibi ruwan tsabar kuɗi yana fara hawa ne tun ranar da ka cira, ga kuma cajin cirewa. Wasu sukan ce a ba matar gida katin ta ɓoye. Na ga an yi, na kuma ga yadda maigida ke tashin ta da tsakar dare yana rantse-rantse. A rufe shi kawai.

N28,000 ɗin da ta rage maka duk wata, ga yadda zan raba ta da ni ne. N5,000 data da kati, ka sayi na wata guda lokaci ɗaya, in ya ƙare ya ƙare. N13,000 a ƙara wa katin, ya zama N34,000, da zarar ka sallami mai shago, kuma a ranar da albashi ya shigo, ba ƙarshen wata ba, don abin da ya kwana a asusunka ya riga ya zama na majalisa. Ragowar N10,000 ka cire ta tsaba, lokaci guda, ka sa a ambulan ka ajiye a gida. Wannan ita ce ambulan ɗin kunya. Biki, suna, shayi, "ɗan taimaka min", duk daga cikinta. Ranar da ka zura hannu ka ji takarda zalla, kunyar wannan watan ta ƙare, sai wani watan.

Na san abin da za ka ce: mutane za su yi magana. Za su yi. Na kwana biyu. Na riƙe littafin ƙungiya shekara 14, na ga masu hannu sake da aka yi ta yi wa kirari a wurin biki, na kuma ga ranar da suka zo ofishina suna neman N20,000 na asibiti, babu ko ɗaya daga masu kirarin da ya rako su. Kuma ka lura, ban taɓa N10,000 ɗin Hajiya ba, ba kuma zan taɓa ba. Ɗan'uwan da ke kwance asibiti, ko maƙwabcin da ka san da gaske ba a ɗora tukunya a gidansa ba, wannan daban ne da ankon wanda ba ka san sunan unguwarsu ba. Ɗaurin aure ka je da wankakkiyar rigarka, ka yi addu'a, ka yi musabaha. Zumunta a ƙafa take. Majalisa kuma kada ka ƙaurace mata, mutum ba ya rayuwa shi kaɗai. Ka je bayan ka ci tuwonka, ka bar wayar banki a gida. In mai shayi ya ɗago kai, ka riga shi: "Yau kowa tasa ta fisshe shi." Da dariya za ka faɗa. Wanda ya roƙe ka kuma ba ka da shi, kalma huɗu ta isa: "Wallahi bashi nake biya." Babu wanda ya taɓa ja da wannan, don kowa ya san bashi hanji ne.

Saura wadda ta fi wuya, kuma ita ce na fi so ka yi kafin duk sauran. Ka gaya wa matarka.

Ba daga littafi na ɗauko wannan ba. A 2011 na aurar da 'yata ta fari. Ni da nake riƙe wa mutane lissafi, na je wani banki na ci bashi a kan albashina don kayan ɗaki, saboda an ce dangin ango masu hali ne, kada a raina mu. Ban gaya wa uwargida ba. Ita kuwa ganin kuɗi na fitowa ba gardama, sai ta ɗauka akwai, ta ƙara saitin kujeru na biyu da kabet ɗin kwanuka. Wata bakwai ina rufa-rufa, ina rage kuɗin cefane ina ɗora wa gwamnati laifi. Ran nan za ta ba da babbar rigata wanki, ta lalubi aljihu ta ci karo da takardar tunatarwa daga bankin. Ina zaune a tsakar gida ina alwala ta zo ta tsaya a kaina, ta miƙo ta ce, "Malam, wagga takarda hwa?" Ruwan butar ya ƙare ban san ya ƙare ba. Na zaci za a yi tashin hankali. Da na gama bayani, ta yi shiru can ta ce da na gaya mata tun farko, da ko kujera ɗaya ba ta ƙara ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wata bakwai tana zargin kanta da rashin iya tattali. Ita ta sake tsara cefanen gidan, ta koma sayen hatsi da kaka a Jega maimakon awo kullum, ta ba ni kwasarta ta adashi sau ɗaya. Bashin da na yi lissafin shekara biyu, cikin wata 13 muka rufe shi.

Matarka ita ke riƙe da N72,000 na albashinka, kaso mafi girma. Ba za ka yi gyara a gida ba tare da mai riƙe da tukunya ba. Kuma muddin ba ta sani ba, za ta ci gaba da tambayarka abin da take ganin kana da shi, kai kuma ka ci gaba da cin bashi don kada ta gane ba ka da shi. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka ajiye takardun nan biyu a gabanta kamar yadda ka turo min su. Za ta yi fushi, haƙƙinta ne. Ka bar ta ta yi.

Game da babban bashin da ka tambaya: na sha ba mutane bashin ƙungiya don su rufe na banki, kuma na sha ganin mutum ya dawo kafin shekara ta zagayo da bashi biyu maimakon ɗaya, domin an kwashe ruwan ne ba a toshe ɓular ba. Ka yi wata uku cur ba ka ci sabon bashi ba, ambulan ɗinka tana kai ka ƙarshen wata. In ka yi haka, to ka nemi ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarku, in tana ba da rance marar ruwa ka karɓa ka rufe katin kwata-kwata. Maganar riba kuwa, ni ba malami ba ne, kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta ƙarshen Baƙara. Ka tambayi malaminka. Abin da na sani a fannina shi ne duk watan da ka rage a zaman bashin nan, ka rage abin da kake bayarwa na ruwa. Nan gaba in buƙatar sayen babban abu ta taso, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Amma ko a can, abin da ka ɗauka sai ka biya, da ribar cinikin da aka yi yarjejeniya a kai. Ka rubuto min bayan wata uku, da sabuwar takarda.

TAMBAYA

Kawu, ni malamar firamare ce a Argungu. Ina cikin adashi uku. Wani wata zubi ya haɗe min da ankon ƙanwar mijina, na ci N30,000 a manhaja. Na yi jinkirin kwana tara, sai suka tura saƙo ga mutanen da ke wayata, har da surukata, suna cewa ni macuciya ce. Na kasa fita unguwa. Me zan yi?

'Yarka, daga Argungu

AMSA

'Yata, sannu. Abin da suka yi miki cin zarafi ne, kuma hukuma ta hana shi. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta fitar da ƙa'idoji tun 2022 da suka wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista da ita, kuma tana karɓar ƙorafi kan irin wannan tozartawa. A 2023 kamfanin Google ma ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobin mutane da hotunan da ke waya. Shi ya sa da yawa daga masu wannan aika-aika ta hanyar saƙo ake turo su a sauke, ba daga rumbun ba. Kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton kowane saƙo, ki roƙi waɗanda aka tura wa su turo miki nasu, ki haɗa da sunan manhajar da lambar asusun da suka ce a biya, ki shigar da ƙorafi ta shafin hukumar na intanet. Ki shiga saitin wayarki ki janye musu izinin ganin lambobinki.

Amma kuɗin da kika karɓa yana wuyanki, cin mutuncin da suka yi bai sauke shi ba. Ki biya ta asusun banki don shaida ta zauna, kada ki yarda wani ya kira ki ya ce ki tura wa asusunsa na kansa.

Surukarki kuma ki je ki same ta da kanki tun maganar ba ta yi tsami ba, ki gaya mata gaskiya, har da cewa ankon 'yarta na cikin dalili. Ba don ki ɗora mata laifi ba, don ta san ba wani mugun abu kika yi da kuɗin ba. Sannan adashi uku a albashin malamar firamare ya yi yawa. Adashi ajiya ne kafin ki kwasa, bayan kin kwasa kuwa bashi ne. Wanda kika riga kika kwasa dole ki ƙarasa shi. Wanda ba ki kwasa ba, ki sami uwar adashin ki nemi a sa wata a gurbinki a mayar miki da zubinki idan zagaye ya cika. Ki tsaya a kan ɗaya.

TAMBAYA

Kawu, abokina ya ce in na jefar da layin wayata na buɗe asusu a wani bankin, bashin da banki ke bi na ya bi ruwa. Haka ne?

Wani matashi, daga Yauri

AMSA

Abokinka yana ba ka shawarar zamanin da ya wuce, ɗana. Tun 2014 aka fito da BVN, wato lambar tantance masu asusun banki, kuma lamba ɗaya ce ke bin ka duk bankin da ka shiga, da hoton yatsunka a jikinta. A Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar ɗibar kuɗinsa daga asusunka na wani bankin idan ka ƙi biya. Ka duba takardun da ka sa wa hannu ranar karɓar bashin, da wuya ba ka amince da shi a ciki ba. Ga kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, waɗanda bankuna ke tambaya kafin su ba kowa ko sisi. Ranar da za ka nemi jarin noman rani ko bashin mashin, sunanka zai riga ka isa. Layin ka bar shi a wayarka. Ka je reshen da ka ci bashin ranar Litinin da safe, ka nemi jami'in da ke kula da asusunka, ka gaya masa nawa za ka iya biya duk wata, ku rubuta.